Bessie Smith (1894-1937): marainiyar da faifan garmaho ya mayar da ita sarauniya

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan karo, za mu ƙetara teku zuwa ƙasar Amurka domin mu kawo muku labarin wata mawaƙiya baƙar fata wadda ta rasu tun shekara ta 1937, amma har yanzu masana kiɗa na duniya suna sanya ta a sahun gaba. Sunanta Bessie Smith. Tsofaffinmu da suka riski zamanin garmaho, akwatin nan da ake murɗa wa hannu, a ɗora masa faifai, a sa allura, za su fi kowa fahimtar wannan labari, domin kuwa ta wannan na'ura ce muryar wannan baiwar Allah ta shiga gidajen talakawa dubbai, ta azurta kamfanin da ya ɗauke ta, alhali ita kanta ta yi shekara 33 a cikin kabarin da ko alama babu.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Bessie Smith a garin Chattanooga na jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Takardar aurenta ta nuna cewa ranar 15 ga watan Afrilu na shekara ta 1894 aka haife ta, kimanin shekara talatin ke nan bayan an soke bauta a ƙasar. Mahaifinta, William Smith, lebura ne wanda yake taɓa wa'azi a majami'a, kuma ya rasu tun ba ta yi wayon saninsa ba. Mahaifiyarta Laura ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai riƙon yaran ya faɗa hannun babbar yayarsu mai suna Viola.

Talauci ya sa Bessie da ɗan'uwanta Andrew suka shiga bin titunan unguwar baƙar fata, shi yana kaɗa gita, ita tana waƙa da rawa, masu wucewa suna jefa musu ƴan kuɗi. A nan ta koyi ɗaga murya yadda za ta rinjayi hayaniyar titi, abin da ya yi mata rana daga baya. Yayanta Clarence ya bar gida tun 1904 ya bi ƙungiyar ƴan wasan wani mutum mai suna Moses Stokes. Da ƙungiyar ta dawo Chattanooga a 1912, sai ya nema wa ƙanwarsa gurbi. An ɗauke ta ne a matsayin ƴar rawa, saboda ƙungiyar tana da mawaƙiyarta, wato Ma Rainey, wadda ake yi wa kirari da uwar bulus.

Wannan kiɗa na bulus, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka ƙirƙiro shi a gonakin auduga da garuruwan kudu. Waƙa ce ta kukan zuci, wadda take magana a kan talauci da rabuwar masoya da giya da kurkuku da ambaliya. Yawanci mawaƙi yakan rera layi ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo layi na uku ya rufe zancen, makaɗi kuma yana ba shi amsa da kayan kiɗansa kamar yadda ƴan amshi suke yi a wurinmu. Bessie ta yi wajen shekara goma tana yawo da irin wannan waƙa a cikin tantuna da ƙananan gidajen wasa na baƙar fata. Tun daga 1913 ta yi suna a wani gidan wasa na birnin Atlanta da ake kira 81, kuma kafin ta taɓa yin faifai ko ɗaya, mutanen kudu sun riga sun san ta.

Garmaho da kamfanoninsa

Domin mai karatu ya gane abin da ya biyo baya, ya kamata mu ɗan tsaya a kan ita na'urar. Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Kamfanin Victor, mai tambarin nan na kare da ya kasa kunne a bakin ƙaho, ya fito da samfurin Victrola a 1906, wanda aka ɓoye ƙahonsa a cikin akwatin katako, har ya zama abin ƙawata ɗaki. Faifan wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti guda, kowane gefe yana ɗaukar waƙar kimanin minti uku, yana da nauyi, kuma da ya faɗi ƙasa sai ya fashe. Allurar ƙarfe ce, ba ta jimawa take dakushewa a sake wata.

Duk da cewa baƙar fata ne suka ƙirƙiro jaz da bulus, kamfanonin faifai, waɗanda kusan dukkansu na turawa ne, sun daɗe ba su yarda za a samu riba da muryar mawaƙan bulus baƙar fata ba. Faifan jaz na farko da aka sayar, a 1917, na wata ƙungiyar turawa ne mai suna Original Dixieland Jass Band. A watan Agusta na 1920 kamfanin Okeh ya naɗi wata baƙar mace, Mamie Smith, wadda ba ta da dangantaka da Bessie, a waƙar Crazy Blues. Yadda baƙar fata suka yi rububin sayen wannan faifai ya buɗe wa kamfanoni ido. Nan da nan kowane kamfani ya buɗe sashe na musamman na fayafayen da ake yi domin baƙar fata kawai, da lambobinsu daban, da littafin tallarsu daban, aka bazama neman mata masu waƙar bulus.

Bessie ta je gwaji a Okeh, ba a ɗauke ta ba. Haka kuma kamfanin Black Swan, wanda wani baƙar fata mai suna Harry Pace ya kafa, shi ma ya ƙi ta, domin a ganinsu muryarta ta cika kaushi da ƙauyanci irin na kudu. Wanda ya gane darajarta shi ne Frank Walker na kamfanin Columbia, kamfanin da a lokacin bashi ya yi wa katutu.

Faifan farko

Ranar 16 ga watan Fabrairu na 1923, a birnin Niyok, Bessie ta naɗi waƙoƙi biyu da suka zama faifanta na farko, wato Downhearted Blues, wadda Alberta Hunter da Lovie Austin suka tsara, da Gulf Coast Blues. Clarence Williams ne ya kaɗa mata piyano. A wancan lokaci ba a fara amfani da mikro ba. Mawaƙi yakan tsaya gaban wani babban ƙaho ya yi waƙa a cikinsa, ƙarfin muryar ya girgiza wata allura, allurar ta yi zane a kan faifan kakin zuma, daga wannan kakin ne ake fitar da uwar faifai da za a buga sauran. Mai siririyar murya ba ya fita da kyau a wannan tsari. Ita kuwa Bessie, wadda ta saba cika tanti da murya ba tare da wata na'ura ba, sai abin ya zo mata daidai, kowace kalma tata ta fito tangaram.

Marubuta tarihinta sun ce an sayar da kwafi kimanin 780.000 na wannan faifai a cikin wata shida. Kuɗin faifai ɗaya a kanti kashi uku ne cikin huɗu na dalar Amurka, ke nan jama'a sun kashe sama da dalar Amurka rabin miliyan a kansa. Abin da kamfani ya biya kuwa dalar Amurka 125 ce a kan kowace waƙa, biya ɗaya tak, ba tare da wani kaso a kan ciniki ba. Ko wannan ɗin ma, daga baya ta gano cewa takardar da ta sa wa hannu tsakaninta da Clarence Williams ce, kuma rabin kuɗin aljihunsa yake shiga. Ita da Jack Gee, wani mai gadi na birnin Filadalfiya da take shirin aure, suka same shi har ofishinsa suka tilasta masa ya sake ta. Daga nan ta ƙulla yarjejeniya kai tsaye da Columbia, aka ɗaga kuɗin daga baya zuwa dalar Amurka 200 a kan kowace waƙa, amma tsarin biya ɗaya tak bai canja ba har ƙarshen zamanta da kamfanin. Ta auri Jack Gee ranar 7 ga watan Yuni na 1923, daidai lokacin da faifan yake shiga kasuwa.

Yadda ake tallar fayafayen

Tallar irin waɗannan fayafaye ba ta bi ta manyan jaridun turawa ba. Jaridun baƙar fata ne suke ɗauke da ita, musamman Chicago Defender, wadda Robert Abbott ya kafa a birnin Shikago a 1905. Ma'aikatan taragon kwana na jirgin ƙasa, waɗanda baƙar fata ne, su suke ɗaukar jaridar a asirce su kai ta garuruwan kudu, inda hukumomi da dama ba sa son ganinta. A shafukanta ake buga hoton mawaƙi, da sunan sabuwar waƙa da manyan baƙaƙe, da lambar faifai, da wani zane mai ba da labarin waƙar a taƙaice. Da yawa daga cikin zane-zanen nan suna ɗauke da irin siffofin raini da turawa suka saba yi wa baƙar fata, ga manyan leɓɓa ga zaro ido, wato ana neman kuɗin mutum ana kuma yi masa ba'a a shafi ɗaya. Wasu kamfanoni, kamar Paramount, wanda asalinsa na wata masana'antar kujeru ce ta jihar Wisconsin, sukan sa ɗan gurbi a ƙasan talla, mutumin ƙauye ya yanke, ya rubuta sunansa, a aiko masa da faifai ta gidan waya, ya biya idan ya karɓa. A birane kuwa, a kantunan kayan ɗaki ake sayar da garmaho da fayafayensa.

Columbia ta fara tallata Bessie da laƙabin sarauniyar bulus, ba da jimawa ba jaridu suka ɗaga ta zuwa sarauniyar sarauniyoyi, laƙabin da ya bi ta har kabari. Faifai ya zama mata talla mafi girma, domin duk garin da ta sauka mutane sun riga sun haddace waƙoƙinta, sai ka ga layi ya miƙe a ƙofar gidan wasa. A nan ne ainihin kuɗinta yake fitowa. A ganiyarta takan samu har dalar Amurka 2.000 a mako, abin da ya sa ta zama wadda ta fi kowane ɗan wasa baƙar fata samun kuɗi a zamaninta. A 1925 ta sayi tarago nata na kanta wanda ake maƙala wa jirgin ƙasa, a ciki ita da ƴan ƙungiyarta suke kwana, suke dafa abinci, suke ajiye tanti da kayan wasa. Wannan ya raba su da wulaƙancin otal-otal na kudu da ba sa saukar da baƙar fata.

Shekarun ɗaukaka

Tsakanin 1923 da 1931 Bessie ta naɗa wa Columbia waƙoƙi kimanin 160, tare da manyan makaɗan jaz irin su Fletcher Henderson da James P. Johnson masu piyano, da Joe Smith da Charlie Green masu busa. Ranar 14 ga watan Janairu na 1925 ta haɗu da wani saurayi mai busa ƙaho, Louis Armstrong, suka naɗi St. Louis Blues ta W. C. Handy, faifan da har yau ake koyar da ɗaliban kiɗa da shi saboda yadda murya da ƙaho suke amsa wa juna. A cikin wannan shekara ce kamfanin ya koma naɗi da mikro da wutar lantarki, kuma daga watan Mayu na 1925 fayafayenta suka fara fitowa da sabon tsari, muryar ta ƙara fitowa da zurfinta.

A watan Fabrairu na 1927 ta naɗi Back-Water Blues, waƙar wata mace da ruwa ya cinye gidanta. Faifan ya shiga kasuwa ne daidai lokacin da kogin Misisipi ya yi mummunar ambaliyar nan da ta raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu, akasarinsu baƙar fata manoma, don haka jama'a suka ɗauka a kan wannan bala'i aka yi ta. Binciken da masani David Evans ya yi daga baya ya nuna cewa ambaliyar da ta gani da idonta ita ce ta birnin Nashville, a ƙarshen 1926.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaida cewa mace ce mai kyauta, tana ɗauke da nauyin ƴan'uwanta da ta kwaso daga Chattanooga zuwa Filadalfiya, ta kuma ɗauki wani yaro riƙo. Sun kuma shaida cewa tana da zafin rai, ba ta jin tsoron dambe da namiji, kuma giya ta yi mata illa ƙwarai. Ana ba da labarin cewa a 1927, a garin Concord na jihar Karolina ta Arewa, ƴan ƙungiyar Ku Klux Klan masu ƙin baƙar fata sun zo da dare za su tumɓuke turakun tantinta, ta fito ita kaɗai ta fatattake su da zagi. Aurenta da Jack Gee kuwa bai yi daɗi ba, faɗa ne da zargin juna, har suka rabu a 1929 bayan ta gano ya ɗauki kuɗinta yana ɗaukar nauyin wasan wata mawaƙiya mai suna Gertrude Saunders. Ba su taɓa kashe auren a gaban alƙali ba, abin da ya sa shi ne ya zama magajinta a idon doka.

Juyawar zamani

A 1929 ta fito a wani gajeren fim mai suna St. Louis Blues, wanda shi kaɗai ne hoto mai motsi da ya rage na wannan mawaƙiya. A watan Mayu na shekarar ta naɗi Nobody Knows You When You're Down and Out, waƙar mai arzikin da ya talauce abokai suka gudu. Faifan ya fito ƴan makonni kafin kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe a watan Oktoba, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Wanda ba shi da na abinci ba zai sayi faifai ba, ga rediyo ya shigo yana ba da kiɗa kyauta, ga silima mai magana tana kashe gidajen wasa. Cinikin faifai a ƙasar, wanda ya haura miliyan 100 a 1927, ya faɗo zuwa kimanin miliyan 6 a 1932. A ƙarshen 1931 Columbia ta sallame ta.

Bessie ba ta daina aiki ba. Ta ci gaba da yawon wasa a kan kuɗi kaɗan, tare da Richard Morgan, mutumin Shikago wanda ya zama abokin zamanta har ƙarshen rayuwarta. Ranar 24 ga watan Nuwamba na 1933 John Hammond ya shirya mata naɗi na ƙarshe a kamfanin Okeh, waƙoƙi huɗu, kowace a kan dalar Amurka 37 da rabi. A wannan zama ta nemi a yi mata kiɗa irin na sabon salon rawa da matasa suke yayi, domin ta gane cewa zamani ya juya. A 1935 ta yi wasa a gidan Apollo na unguwar Harlem, kuma alamu sun fara nuna cewa tauraronta zai sake haskawa.

Rasuwarta da jita-jitar da ta biyo baya

Da asubahin ranar 26 ga watan Satumba na 1937, Richard Morgan yana tuƙa ta a motarta ƙirar Packard a kan hanya mai lamba 61, daga Memphis zuwa wajen Clarksdale a jihar Misisipi, suka afka wa wata babbar motar kaya da take tafiya a hankali cikin duhu. Gefen da Bessie take zaune ne ya daku, hannunta na dama ya kusan cirewa, haƙarƙarinta ya karairaye. Wani likitan fiɗa na Memphis, Hugh Smith, wanda ya biyo hanyar, ya tsaya ya ba ta taimakon farko. Motar asibiti ta kai ta asibitin baƙar fata na G. T. Thomas a Clarksdale, aka yanke hannun, amma ta cika da safiyar ranar tana da shekara 43.

Bayan wata biyu John Hammond ya buga wani rubutu a mujallar Down Beat inda ya kawo jita-jitar cewa asibitin turawa ne ya ƙi karɓarta har jininta ya ƙare. Labarin ya bazu duniya, har Edward Albee ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa a 1959. Chris Albertson, wanda ya wallafa tarihinta a 1972 bayan ya tattara shaidar likitan da sauran waɗanda abin ya faru a gabansu, ya tabbatar da cewa ba a kai ta asibitin turawa ba sam. A Misisipi ta wancan zamani babu direban motar asibitin da zai ma yi tunanin kai baƙar fata can, domin doka ta raba asibitoci kamar yadda ta raba makarantu da taragon jirgi. Ke nan jita-jitar ƙarya ce, amma wariyar da ta sa mutane suka gaskata ta gaskiya ce.

An yi jana'izarta a Filadalfiya ranar 4 ga watan Oktoba na 1937, bayan mutane kimanin 10.000 sun je yi wa gawarta ban kwana, aka binne ta a maƙabartar Mount Lawn da ke Sharon Hill. Albertson ya ruwaito cewa an tara kuɗin dutsen kabari fiye da sau ɗaya, Jack Gee yana karɓewa. Sai a watan Agusta na 1970 ne mawaƙiya Janis Joplin, baturiya wadda ta koyi waƙa daga fayafayenta, da Juanita Green, wadda ta yi mata aikace-aikacen gida tun tana yarinya, suka haɗa kuɗi aka kafa dutsen. Joplin kanta ta rasu wata biyu bayan haka.

Daga 1970 Columbia ta sake fitar da dukkan waƙoƙinta a sababbin fayafaye, ciniki ya sake buɗewa a kan muryar da aka saya tun tuni da biya ɗaya tak. Manyan mawaƙa irin su Billie Holiday da Mahalia Jackson sun faɗa da bakinsu cewa a gaban garmaho suna sauraren Bessie suka koyi sana'a. A 1989 aka sanya sunanta a zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, a 1994 gidan wayar Amurka ya buga tambur mai hotonta, a 2015 kuma aka yi fim ɗin rayuwarta inda Queen Latifah ta fito a matsayinta. Asibitin da ta cika a cikinsa an mayar da shi otal mai suna Riverside tun 1944.

Muna fatan mawaƙanmu da makaɗanmu, maza da mata, za su yi nazarin wannan tarihi, su riƙa neman wanda zai karanta musu takarda kafin su sa hannu, su kuma tambayi rabonsu a kan kowane kwafi da za a sayar, domin waƙa takan daɗe tana kawo kuɗi bayan mai ita ya kwanta dama.